Uwar haihuwa ko uwar riƙo: gardamar da wani fim na 1930 ya tayar

Ɗan Auta: Salamu alaikum. Jiya na kalli wani tsohon fim na Amurka, Sarah and Son, na 1930, shekara uku kacal da fara sa wa fim murya. Wata mata, Dorothy Arzner, ce ta ba da umarni. Labarin wata mawaƙiya ce, Sarah, ta auri ragon namiji, ya sace jaririnsu ya sayar wa masu kuɗi, ya gudu. Bayan shekaru ta zama shahararriyar mawaƙiya, ta sami abin hannu, ta bazama neman ɗanta, kuma a ƙarshe ta same shi. Ni dai a ganina an zalunci matar da ta raini yaron. Ita ta yi wanki da kwanan zaune, wata ta zo da rana tsaka ta ce nata ne.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Auta, ka taɓa naƙuda? Sayar da yaron aka yi fa, ba kyauta ta bayar ba. Kayan sata ko ya shekara talatin a hannunka, ranar da mai shi ya zo sai ka miƙa.

Ɗan Auta: Yaya, ai yaro ba akuya ba ne da za a ce kayan sata. Ya yi wayo, ya san wadda yake kira uwa.

Goggon Yara: Ku dakata, ni abin ya taɓa ni. 'Yar ƙanena aka ba ni tana wata goma sha takwas, daga yaye. Ni na yi ƙyanda da ita, ni na kwana asibiti, ni na sa ta makaranta har ta yi sauka. Da aure ya zo, wajen uwarta aka kai lefe a gani, ni sai aiko min aka yi in zo. Ban ce uffan ba, na je na yi girki na dawo. Har yau in ta kira waya Mama take ce min, uwarta kuma Anti. To ku faɗa min, a wannan fim ɗin an nuna hawayen mariƙiyar ko sau ɗaya?

Ɗan Auta: Sannu Goggo. Ai inda fim ɗin ya yi ha'inci ke nan. Da Sarah ta matsa, mariƙan sai suka gabatar mata da wani yaro daban, bebe, suka ce shi ne ɗansu, don ta haƙura ta tafi. Daga nan shi ke nan, an shafa musu kashin kaji, ba mai kallon da zai ƙara tausaya musu. Marubuciyar, Zoe Akins, ta riga ta yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a.

Malamin Tarihi: Auta, kada ka ɗauka ƙirƙira ce zalla. A daidai lokacin akwai Georgia Tann a birnin Memphis na jihar Tennessee, tana riƙe da gidan marayu daga shekarun 1920 har 1950. Tana karɓe 'ya'yan talakawa, wasu da yaudara, wasu da sa hannun alƙali, ta sayar wa masu hali a New York da Kalifoniya, har da taurarin Hollywood. Yara dubbai ne. Ta mutu a 1950 ana tsakiyar bincike. Kuma tun 1917 jihar Minnesota ta fara rufe takardun irin waɗannan yara, sauran jihohi suka bi, har aka kai ga ana ba yaro sabuwar takardar haihuwa da sunan mariƙa. Matar da ta zauna a sinima a 1930 tana share hawaye, wataƙila maƙwabciyarta ce aka yi wa haka.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri, Malam. Ka ji ko, Auta?

Ɗan Auta: Na ji, amma Malam ya taimake ni ne bai sani ba. Sai da Sarah ta yi kuɗi, ta sami lauya, wanda Fredric March ya fito a matsayinsa, sannan ɗa ya dawo. Da tana nan a talakarta wa zai saurare ta? Kuɗi suka tafi da yaron, kuɗi suka dawo da shi. Ina haƙƙin uwa a nan?

Malamin Tarihi: Wannan kam ba ni da ja.

Alaramma: In sa baki kaɗan. Abin da ya rikita su shi ne dole sai ɗaya ta shafe ɗaya. Mu an raba mana gardama a Suratul Ahzab, aya ta 5: a kira su da sunan ubanninsu. Zaidu ɗan Harisa a gidan Manzon Allah (SAW) ya tashi, ana danganta shi gare shi, aya ta sauka aka mayar masa da sunan mahaifinsa, bai kuma bar kusa da shi ba. Riƙo yana nan da ladansa, nasaba tana nan inda take. Ba a ɓoye wa yaro asalinsa, don haka babu ranar tonon asiri.

Goggon Yara: Allah gafarta Malam, a littafi haka yake. Amma lada ai a lahira ne, ranar lefe kuwa a duniya aka yi min.

Alaramma: Wannan laifin dangi ne, Hajiya, ba na shari'a ba. Da sun san ya kamata, ɗakinku za a fara kai akwatunan.

Uwar Biyu: Goggo, ki yi haƙuri, amma ki tuna uwar ma ta yi kukanta a ɓoye. Ni ɗan farina kakarsa ta ɗauke, kunya ta hana ni ko kiran sunansa. Yana zuwa gidan in yi kamar ban gan shi ba, in shiga ɗaki in leƙa ta taga. Ba a raba hanta da jini. Shi ya sa da na ji muryar Ruth Chatterton, wadda ta fito a matsayin Sarah, tana rawa, da wannan gurguwar Turancin na baƙuwa da ta ara, na kasa ƙarasa abincina. Da fim ɗin bebe ne irin na da, da rubutu kawai za a liƙa, ba zai kama ni haka ba.

Malamin Tarihi: An sa ta cikin 'yan takarar kyautar Oscar da wannan fim ɗin ma, Norma Shearer ce ta kayar da ita.

Ɗan Auta: Yaya, ashe kin kalla kika bar ni ina ta zuba? To ki amsa min abu ɗaya. Ranar da kakar ta rasu, ɗan naki wajen wa ya yi kuka?

Uwar Biyu: Wajen gawarta. Kwana uku bai ci abinci ba, ni na riƙa ba shi haƙuri kamar baƙo.

Goggon Yara: Auta, turo min fim ɗin. Ina so in ga fuskar mariƙiyar da idona.