Kafin Ranar Akwati: Musayar Waƙa Kan Fidda Gwanin Shugaban Ƙasa

Dattijon Zaure:

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da mulki, Mai karɓewa,
Salati ga Manzo ba yankewa,
Sannan in juyo batun jam'iyya.

Ra'ayina riƙau ne, ban ɓoye ba,
Gidan da ka gada ba na rusawa ne ba,
In ka ga tsaga ka je ka duba,
Ka yaɓe ta, kar ka tone tushiya.

Ranar zaɓe ka bi dogon layi,
Ka sha rana ko ka sha sanyi,
Kana ganin kai ke da ra'ayi,
Alhali an gama tun can baya.

Mai takara ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa,
Shekara 35 ya kai, da shaidawa,
Ilimin sakandare, ba a ragewa,
Haka tsarin mulki ya ce a sashe na 131.

Sharaɗi na huɗu shi ne babba,
In ba jam'iyya, ba ka fito ba,
Indifenda doka ba ta san shi ba,
Ƙofa guda ce, babu wata hanya.

Ku dubi 2022, 'yan'uwa,
Ƙananan hukumomi 774 ake ƙirgawa,
APC wakilai uku-uku take ɗaukowa,
PDP kuwa ta ce ɗaya-ɗaya.

A 2023 miliyan 93 muke a rajista,
Takarar manyan biyu wa ya yanke ta?
Dubu 3 da 'yan kai suka ƙulla ta,
Mu sai dangwale, ba mu da murya.

Duk da haka wakilci ban ƙi shi ba,
In dattijai ne, ba 'yan ci ba,
Waɗanda unguwa ba ta ƙi ba,
Ku ba ni amsa, 'ya'ya, gaba ɗaya.

'Yar Malam:

Baba na gaishe ka, na rusuna,
A ba ni izini in faɗi gaskiya.

Dattijan da kake so su yi wakilci,
Gwamna ya rubuta sunayensu tun jiya.

Taron mazaɓa sau tari a takarda yake,
Jerin ya fito ne daga sakatariya.

Tun daga fom aka tace masu shiga,
A 2022 miliyan 100 ne a gidan tsintsiya.

30 na nuna sha'awa, 70 na takara,
PDP miliyan 40, ita ma da wuya.

Malamin makaranta ina zai samo su?
Sai mai ubangida ko tarin dukiya.

Wanda ya saya maka fom yana jira,
Bashi ne, kuma kwangila ce hanyar biya.

In wakilai sun yi kaɗan, farashi ya hau,
A killace su a otal, a tsare hanya.

A Eagle Square Tinubu ya ɗau tuta
Da ƙuri'ar wakilai 1,271.

Atiku kuwa, da Tambuwal ya janye masa,
Ya kada Wike, ya tashi da 371.

Dokar zaɓe ta 2022, sashe na 84,
Hanya uku ta shimfiɗa wa jam'iyya:

'Yar tinƙe, ko wakilai, ko maslaha,
Ni ta farkon na riƙa da zuciya.

Kowa da katinsa ya fito mazaɓarsa,
8,809 ne a faɗin Najeriya.

Mai jaka zai iya sayen dubu biyu,
Miliyoyi kuwa sun fi ƙarfin taliya.

Tsohon Akawu:

'Yata, hujjarki na saurare ta,
Sai dai 'yar tinƙen an gwada ta,
A 2018 APC ta yi ta,
Buhari kaɗai ne ke cikinta,
Ba abokin karawa ko ɗaya.

Miliyan 14.8 aka yi sanarwa,
Kano miliyan 2.9 take bayarwa,
Da babban zaɓe ya zo, 'yan'uwa,
Miliyan 1.5 Buhari a Kano ya gaza kaiwa,
Ina rabin layin ya shige, ɗiya?

Ciwon yana cikin littafin mambobi,
Wanda ke riƙe da shi, shi ake bi,
Kati a buhu a raba wa na jiki, ba hisabi,
Mai ƙirga layi ya faɗi nasa jawabi,
An watse, wa zai ƙirga daga baya?

Dokar 2022 ta ce a kai wa INEC rajista,
Kwana 30 kafin zaɓen, ta adana ta,
Sanarwar taro kwana 21, a rubuta ta,
Jami'an hukuma su zo su shaida ta,
In an tsallake, an ɓata tafiya.

Zamfara a 2019 darasi ce babba,
APC ta lashe, ba ta bar komai ba,
Kotun Ƙoli ta ce ba a fidda gwani daidai ba,
Ƙuri'un 'yan takarar ba su ƙirgu ba,
Gwamna da 'yan majalisa suka zube gaba ɗaya.

Ƙarancin wakilai kuwa a 2022, waccan shekara,
Sashe na 84(8) ne ya tsara,
Zaɓaɓɓu kaɗai, manya ba su da kujera,
Majalisa ta yi gyara, ta aika, ta jira,
Buhari bai sa hannu ba har aka gama tafiya.

Autan Zaure:

Baba, Kawu, Yaya, sannunku,
Ga tambaya daga ƙaraminku,
Riƙon jam'iyya da ke bakinku,
Me za a riƙa, lema ko tsintsiya?

Manya huɗu suka kara a 2023,
Atiku, Obi, Kwankwaso, su uku,
A 2019, ku tuna da kanku,
Inuwar lema suke sha guda ɗaya.

Kwankwaso ya ɗau kwandon marmari,
Obi ya tafi Labour da sauri,
Ƙuri'arsu ta rabu gari-gari,
Miliyan 14 da rabi ce in an haɗa gaba ɗaya.

Tinubu miliyan 8.8 ya samu,
Ya haye kujera a kan idonmu,
To ina aƙidar take, iyayenmu?
Sak za mu yi, ko wake da shinkafa a tukunya?

Goggon Zaure:

Auta ɗana, matso kusa ka ji,
Ba a auna mutum da fosta ko zaƙin murya.

Wanda ya yi gwamna, ɗauko littafinsa,
Shekara takwas ba ta ɓoyuwa a rijiya.

Albashi wata nawa ya riƙe wa ma'aikata?
'Yan fansho sun karɓa ko sun sha wuya?

Bashin da ya tarar da wanda ya bari,
Ofishin kula da bashi, DMO, na wallafawa, ba ƙarya.

Kuɗin ƙananan hukumomi ya sakar musu,
Ko asusun haɗaka ya haɗiye dukiya?

Kotu ta yi hukunci a kansa, ya bi?
Mai take alƙali, talaka ba zai sha da lafiya.

Asibitin da ya gina, je ka da dare,
Ka ga ko da wuta, da ruwa, da mai jinya.

Makarantar da ya yi wa fenti, leƙa aji,
Ƙirga yara, ka ƙirga malamai ɗaya-ɗaya.

Ka dubi waɗanda ke zama kusa da shi,
Masu faɗa masa a'a ne, ko 'yan jagaliya?

Sannan mataimaki, kar ka raina shi,
Mayun 2010 ba ta bar mu a duhu ba, ɗiya da 'ya'ya.

'Yar'aduwa ya rasu, Allah ya ji ƙansa,
Jonathan ya hau, doka ce ta ba shi hanya.

Kuma son 'yan gida kaɗai ba ya kai mutum,
Ga abin da sashe na 134 na tsarin mulki ya gindaya:

Rinjaye, da kashi 25 cikin 100,
A biyu bisa ukun jihohin tarayya.

Jihohi 24 ke nan cikin 36,
Dole ka ƙetare Kwara ka yi abokan tafiya.

Buhari a 2011 ya tara miliyan 12,
Arewa ta ba shi, Kudu ta juya baya.

Sai da CPC ta haɗu da ACN da ANPP,
A 2015 aka kai ga gaci lafiya.

Dattijon Zaure:

Allah ya yi muku albarka duka,
Kun warware zaren, kun kuma saƙa,
Auta, ga amsar tambayarka,
Sak ba tawa ba ce, cancanta ce hanya.

Zamanin Sardauna akwai bambanci,
NPC ta riƙe sarauta da shugabanci,
NEPU ta Malam Aminu na kiran 'yanci,
Kowa ya san me yake bi a zuciya.

Yau ana sauya sheƙa kamar riga,
Sashe na 68 na tsarin mulki, ka buɗe ka ga,
Ɗan majalisa ya bar kujerar da ya shiga,
Sai in jam'iyyar ta dare a tsakiya.

Gwamna kuwa sashen bai kama shi ba,
Ya tafi da kujera, ba a tsai da shi ba,
Wannan giɓin ban yarda da shi ba,
A toshe shi a majalisar tarayya.

Maslaha ina sonta, in an yi ta a rubuce,
Duk mai neman da aka tantance,
Ya sa hannu da kansa cewa ya amince,
In guda ya ƙi, a koma zaɓe ba gardama ko ɗaya.

Wadda ba haka ba, ɗauki-ɗora ce,
Sunanta kaɗai aka canza, a taƙaice,
Ita ke sa mai haushi ya fice,
Ko ya zauna ciki yana zagon ƙasa ta baya.

Ga aikin: je ofishin mazaɓarka,
A sa ka a littafi, ka karɓi katinka,
Kuɗin mamba ya fito daga aljihunka,
Wanda ya biya maka, shi ke da murya.

Ranar taron mazaɓa ku je da wuri,
Ku zo ku goma, ku zauna a jeri,
Ku ce a ƙirga a fili bisa tsari,
A cike takardar kuna tsaye, ba daga baya.

In an murɗe, wanda ya yi takara ke da ƙara,
Kwana 14 tak doka ta tsara,
Babbar Kotun Tarayya za a fara,
In ya wuce haka an rufe, ko yana da gaskiya.

'Yar Malam:

Baba na karɓa, Kawu na ji lissafi,
Amma tinƙe ban sake ta ba, sai dai a gyara hanya.

A sa rajista a kwamfuta da lambar NIN,
Mutum guda, suna guda, a jam'iyya ɗaya.

A liƙa jerin a bangon ofishin mazaɓa,
Mako biyu, kowa ya duba da ido, ba ta waya.

Wakilin kowane ɗan takara ya sa hannu,
Ya tafi da kwafinsa kafin a juya.

Saura kuɗin aikin a mazaɓu 8,809,
Kawu, in ba gwamna ba, wa zai biya?