Kayan ƙarin lafiyar da ake sayar wa masu daina al'ada: magani ko cin kuɗi?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Yau sai na amayar da abin da ke raina. Shekarata 49, wata 14 rabona da al'ada. Zafi kan taso min daga ƙirji zuwa fuska kamar an hura murhu, cikin dare in farka rigata sharkaf ko da hunturu ne. Wata ta sayar min da ƙwayoyin ganye da garin hulba da tsimi a naira dubu 35, wai sati biyu na warke. Yau wata uku, ba abin da na samu sai warin hulba a gumina. Duk maganin tsufan nan cin kuɗin mata ne.

Anti Balaraba: Allah ya ƙara sauƙi, amma ki janye kalmar tsufa. Ni 52 nake, wa ya ce miki na tsufa?

Hajiya Turai: Balaraba, tsufa ba zagi ba ne. Mu da muke roƙon Allah ya kai mu?

Anti Balaraba: Hajiya, da girmanki. Irin wannan maganar maza ke kamawa su tafi neman aure.

Sista Jamila: Ku bari mu duba damuwarta. Yawanci al'ada na tsayawa tsakanin shekara 45 da 55, idan aka cika wata 12 ba jini. Sinadarin estrojin na jikin mace ne ke raguwa, shi ke kawo zafin da gumin dare, har ƙashi ya fara rauni. Waken soya, wanda muke awara da shi, yana da wani sinadari mai kama da estrojin amma mai rauni, wasu na jin ɗan sauƙi, wasu ko kaɗan. Ƙwayar black cohosh da ake shigowa da ita saiwar wani tsiro ce na Arewacin Amurka, kuma akwai gargaɗi a kanta saboda hanta. Hulba kan sauke sukari, mai shan maganin ciwon suga ta yi hattara. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkarwa, ku karanta ƙaramin rubutun da ke jikin kwalin.

Maman Nana: Sista, kullum ku na asibiti sai kun kushe namu. Habbatus sauda fa? Hadisi ne ingantacce cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa.

Sista Jamila: Ban ambaci habbatus sauda ba, Maman Nana. Kuma daina al'ada ba cuta ba ce.

Anti Balaraba: Yawwa! Ba cuta ba ce, ba kuma tsufa ba ne.

Hajiya Turai: To mene ne, ƙuruciya?

Anti Balaraba: Na san inda kika dosa, Hajiya. Tun bikin Rabi da ban yi ankonku ba kike neman hanyar yaɓa min magana.

Hajiya Turai: Anko? Ki fara zubo kuɗin adashin watan jiya tukuna.

Maman Nana: Ni dai yayata ta sha hulba da zuma wata ɗaya, yanzu barci take har a tashe ta sallar asuba. Wadda ta sayi jabu kada ta ɓata wa masu sana'ar gaskiya suna.

Sista Jamila: Abu ɗaya don Allah: wadda jini ya dawo mata bayan shekara da tsayawa ta je asibiti a duba mahaifa, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe. Kuma akwai maganin homon, mai maye gurbin estrojin ɗin da ya ragu, da likita ke bayarwa idan zafin ya hana sukuni.

Anti Balaraba: Hajiya, adashin da ke kika kwashi na farko?

Yaya Hadiza (shugabar zaure): Ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda kayanmu na gargajiya suna aiki, ita kanta Sista ta yabi waken soya. Matsalar Maman Khalifa ba ta saya a hannun amintacciya ba ne, ni shekara uku ina karɓar hulba wajen Maman Nana ban taɓa kuka ba. Balaraba na da gaskiya, daga yau kada a sake ce wa kowa tsohuwa a nan. Maganar adashi a kai ta gidan Hajiya ranar Asabar bayan la'asar.