Rufin Hiace ɗina na yoyo: walda ko liƙi?

Baban Halima, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Tsohuwar Hiace gare ni, na cire kujerun baya na sa gado, ciki nake kwana in na bi kasuwannin ƙauye. Ruwan daren jiya ya jiƙe mini katifa sharkaf. Ta gefen fitilar ciki yake ɗiga, amma na hau sama ban ga huda ba. Wanda ya sayar mini ya huda rufin ya ɗaura ƙarfen ɗora kaya da noti takwas. Jikka ashirin ke hannuna, ga kasuwar Badagishiri ranar Alhamis. In kai wa mai walda, ko in liƙe da kaina?

Ɗan Gobir: Ka zuba kwalta, shi ke nan.

Malam Makanike, Yamai: Ba a inda ruwa ke ɗiga yake shiga ba, yana bin ƙarfe ne ta ciki. Sa yaro ya zauna ciki da tocila, kai ka riƙa zuba ruwa da buta, daga saman gilashi ka hau sannu, noti bayan noti. Kwalta kuwa zafin Afrilu zai narkar da ita.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, ka ji tsoron walda. Bara na kai tawa wani garaji nan Yamai. Bai cire soson da ke ƙarƙashin rufin ba ya sa wuta. Ina zaune bisa benci na ga hayaƙi na fita ta taga. Rufin ciki ya cinye, wayoyin fitila suka narke. Ya ce ƙaddara ce. Jikka sittin na kashe, kuma ruwan Agusta na farko ya ɓata mini turmi goma sha biyu. Har yau in na wuce gurin raina ɓaci yake.

Direban Doso: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Wane garaji ne?

Hajiya Mai Atamfa: Na bar shi da Allah.

Malam Makanike: Kar ka sayi silikon mai warin tsami, yana sa ƙarfe tsatsa, fenti ma ba ya kama shi. Man liƙi da ake kira Sikaflex ake sa wa. A kwance notin, a kankare tsatsa, guri ya bushe ƙayau. Jikka bakwai na saye shi a kasuwar Katako nan Yamai.

Direban Doso: Bakwai? Goma sha biyu na biya. Naka jabu ne.

Malam Makanike: Shekara ashirin ina wannan sana'a, kai tuƙi kawai ka sani.

Direban Doso: Mu muke kwana cikin motar, ba ku ba.

Ɗan Gobir: Bazabarme da shawara! Ka ɗora tasa bisa katifa, ka samu ruwan alwala kyauta.

Baban Halima: To notin ne ko gindin gilashi? Kuma ana samun Sikaflex ɗin a Tawa?

Direban Doso: Ko me ka liƙa, hanyar Tawa zuwa Abalak za ta girgiza shi ya tsage. Kullum muna biyan kuɗin hanya, ramukan na nan.

Hajiya Mai Atamfa: Ai taya biyu ta ci mana a tafiya guda, muka kwana daji.