Wane littafin waƙoƙin Beatles ya kamata mai koyon jita ya saya?

Ɗalibin_Jita:

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina koyon jita, kuma mafi yawan abin da nake gwadawa waƙoƙin Beatles ne, ƙungiyar nan ta birnin Liverpool na Ingila da ta watse a 1970. Kwanakin baya na sayi wani littafin waƙoƙinsu na hannu, amma duk lokacin da na kunna "Here Comes the Sun" na bi abin da aka rubuta, sai in ji sautina ya yi kauri, nasu kuwa siriri ne mai zaƙi, ko da yake kunnena bai ce mini na saɓa ba. Ban iya karanta nota ba, sunayen kod (haɗin sautuka da ake kaɗawa tare) da tab (zanen tsirkiyoyi mai lambobin da ke nuna inda za a danna) kawai na sani. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su nuna mini littafin da yake daidai da abin da ke kan faifai, wanda kuma ba zai fi ƙarfin mai koyo ba.

Tsohon_Makaɗi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka duba bangon littafin naka, ina kyautata zaton za ka ga an rubuta cewa na fiyano ne da murya da jita. Irin waɗannan littattafai don mai fiyano aka tsara su, sannan aka ɗora 'yan zanen kod a sama domin mai jita ya samu abin riƙewa. Littafin bai yi maka ƙarya ba, domin waƙar tana kan A ne, sai dai bai gaya maka inda George Harrison, mai jitar Beatles, ya ajiye hannunsa ba. Shi ya maƙala kafo ne, wato maƙalin da yake danne dukan tsirkiyoyi a wuyan jita, a gaɓa ta 7, ya riƙe yatsu irin na D, don haka tsirkiyoyin suka gajarta, sautin ya tashi sama, ya fito da siririn amon da kake ji a faifan Abbey Road na 1969.

Kafin ka sake fitar da kuɗinka, ka buɗe waƙoƙi uku ka auna littafin da su. Ta farko ita ce wannan. Ta biyu "Norwegian Wood", wadda ake kaɗawa da kafo a gaɓa ta 2 da yatsun D, ta fito a E. Ta uku, wadda ta fi tona asirin littafi, ita ce "Yesterday" ta 1965: Paul McCartney ya sassauta dukan tsirkiyoyi shida da cikakken mataki guda, ya kaɗa da yatsun G, waƙar ta fito a F. Littafin da ya jera maka F da Bb bai ce komai game da sassauta tsirkiya ba, ya wahalar da yatsanka manuniya ne a banza, kuma duk da wahalar ba za ka samu sautin asali ba.

Wanda na daɗe da shi shi ne The Beatles Complete Chord Songbook, mai waƙoƙi 194, wanda yake kawo baitoci da kod a kansu, ya kuma faɗi inda za a sa kafo. Ga wanda yake so ya rera yana kaɗawa, ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba.

Mai_Tsirkiya_Shida:

Na yarda da ma'aunin da Malam ya kawo, amma ina ganin littafin kod kaɗai ba zai biya wa mai tambaya bukata ba, tunda abin da ya dame shi sauti ne, ba rakiyar murya ba. Daɗin "Here Comes the Sun" yana cikin ɗaiɗaikun tsirkiyoyin da ake tsinka a tsakanin kod, kuma sunan kod ba ya nuna wannan. Haka "Blackbird" ta 1968, wadda ake tsinkar tsirkiya bibbiyu ana hawa wuyan jita har gaɓa ta 10 da ta 12. Idan aka rubuta maka G da Am7 kawai, an ba ka sunan gari ne ba a nuna maka hanya ba.

Saboda haka tab kake bukata, kuma wanda aka kwafo daga faifai. Kamfanin Hal Leonard na Amurka yana da jerin littattafai mai suna Guitar Recorded Versions, inda ake sa nota a sama, tab a ƙasa. Kada notar ta tsorata ka. Lambobin tab suna gaya maka gaɓar da za ka danna, amma tsawon kowane sauti a notar yake, kuma za ka gode mata idan ka iso tsakiyar waƙar taka, wurin da ƙidayar bugu take sauyawa.

Akwai kuma The Beatles Complete Scores, mai shafi fiye da 1,100 da waƙoƙi 210, wanda wasu makaɗan Japan suka rubuta, kowane kayan kiɗa da layinsa, har bes (jita mai kaurin sauti) da ganguna. Taska ce ga wanda yake da ƙungiya yana so ya raba wa kowa aikinsa, amma tunda an haɗa kayan kiɗa da yawa a shafi guda, rubutun ƙanana ne, kuma juya shafi ba ya ƙarewa. Ni dai ba zan ba mai shekara biyu shawarar ya fara da shi ba.

Bazazzagi:

Akwai abin da ya kamata ɗan'uwanmu ya sani game da kalmar "daidai". Su Beatles ba su rubuta nota, saboda haka duk littafin da ke kasuwa kunnen wani ne ya saurari faifai ya rubuta abin da ya ji, kuma kunnuwa sukan saɓa. Kod ɗin da ya buɗe "A Hard Day's Night" a 1964 har yau littattafai ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, domin ba jita ɗaya ce ta fitar da shi ba: akwai jitar Rickenbacker mai tsirkiya 12 ta Harrison, akwai bes ɗin McCartney, ga kuma fiyanon furodusansu George Martin. "Strawberry Fields Forever" kuwa ɗauka biyu aka haɗa, aka ƙara wa ɗaya gudu aka rage wa ɗayar, sai sautin ya faɗa tsakanin A da Bb. Idan jitarka ta ƙi zama da wannan waƙa, kada ka ɗora wa littafi laifi.

Abin da nake yi shi ne in rage gudun waƙar a YouTube zuwa 0.75, in bi littafin da fensir a hannu, in gyara duk inda kunnena ya ƙi amincewa. Littafin kuma, in mai kauri ne da yake rufe kansa, sai a kai wa masu ɗinkin takardu su yanke gindinsa su sa masa zoben roba, domin ya kwanta a buɗe yayin da hannuwa biyu suke kan jita.

Ɗalibin_Jita:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Bangon littafin kamar yadda Malam ya faɗa yake, da fiyano aka fara. Jiya na ari kafo na sa a gaɓa ta 7, kuma tun bugun farko na gane waƙar. Zan nemi littafin tab ɗin tukuna, na kod ya biyo baya idan hali ya yi. Yanzu dai ƙaramin yatsana ne yake ƙin isa inda ake so, ga shi gaɓoɓin sun matse a can sama.