Abin da aka tattauna kan ribiti mai tsagewa a shimfiɗaɗɗen rufi

Masu aikin rufi na Garwa da Marwa, ga abin da na tsinta a muhawarar da aka yi kan ko ribiti mai tsagewa (wata irin ƙusa ce da ake sawa a rami, a ja ta da na'ura ta damƙe abubuwa biyu) ya dace da shimfiɗaɗɗen rufi.

1. An yi ittifaƙi: idan aka ja shi, gindinsa yakan tsage gida huɗu, ya buɗe kamar fure ta baya. Shi ya sa yake kama roba, katako mai laushi da siririn kwano.
2. Ribiti mai kaurin milimita 4.8, a huda masa ramin milimita 5.
3. Kan yadda za a hana yoyo aka rabu, domin tsakiyar ribitin na iya shigar da ruwa. Wasu sun ce a sa washar roba (zoben roba a ƙarƙashin kan ribitin), wasu silikon (man toshe kafar ruwa). Ni dai ina ganin a haɗa biyun: zafin Afrilu yana fasa silikon mai arha, rufi marar gangara kuwa ruwa kwanciya yake yi a kai.
4. Kan ƙarfe mai kauri, yawanci sun zaɓi sukuru.