Ping Pong the Animation: wasan da ake bugawa a ciki na gaske ne?

Ɗan Raga: Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni kan katun ɗin nan na Japan na wasan ƙwallon tebur, Ping Pong, wanda ya fito a 2014 mai kashi 11, labarin wasu abokai biyu 'yan wasa, Smile da Peco. Abu biyu sun ɗaure min kai. Me ya sa Smile yake ja baya nesa da tebur, amma abokin karawarsa ne ke ta zuba ƙwallo a raga? Sannan sabon riƙon bat ɗin da Peco ya koma yi, ana yinsa a zahiri?

Mai Sara: Wa alaikumus salam. Duk biyun na gaske ne, ɗan'uwa. Abin da Smile ke yi sara ne. Yana tsayawa kamar mita 2 zuwa 3 daga tebur, ya bar ƙwallon ta fara saukowa, sannan ya shafo ƙasanta daga sama zuwa ƙasa, fuskar bat na kallon sama-sama. Sai ta tafi tana wulwulawa baya. Da ta taɓa robar abokin wasa sai ta yi ƙasa, ragar kuma tsayinta santimita 15.25 ne, to ka ga inda za ta ƙare. Maganinta ka ɗan durƙusa, ka saukar da bat ƙasa da ƙwallon, ka gogo ta sama da ƙarfin ƙafa da ƙugu.

Inda mai sara ya fi cutar mutum shi ne canji. Hannu ɗaya zai nuna maka, wannan karon da juyi mai nauyi, na gaba kuma babu komai. Ka ɗaga ta kamar ta farko, sai ta wuce tebur. Shi ma idan ya yi gaggawar tarar ta tun tana sama, ƙwallon tashi take yi, a ƙwala masa ita. Joo Sae-hyuk na Koriya ta Kudu da wannan salon ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 2003.

Hajiya Kati: Ƙanena, batun Peco kuwa, riƙon alƙalami yake yi, babban yatsa da manuniya sun zagaye mariƙin. Tsohon salon fuska ɗaya kawai ake bugu da ita, don haka in aka matsa wa na-dama ta hagunsa, sai dai ya tare ko ya zagaya da gudu. Gyaran da 'yan Sin suka kawo shi ne a manna roba a bayan bat ɗin ma, a riƙa kai hari da ita. Wang Hao ya ci gasar duniya da ita a 2009. Sai dai bat na ƙara nauyi, yatsun baya kuma na tokare wurin bugu idan an baje su, dole a tanƙwara su. Masu koyo sun fi kuskure wajen buɗe fuskar bat da yawa, ƙwallo ta yi ta fita waje.

Malam Goma-Goma: Ƙarin bayani kaɗan: asalin littafin da aka ciro katun ɗin daga ciki na 1996 ne, lokacin ana buga maki 21 da ƙwallo mai milimita 38. A 2000 aka koma milimita 40, a 2001 maki 11, kuma katun ɗin sabuwar doka ya bi. Shi ya sa kashin da Kong, ɗan wasan Sin na cikin katun ɗin, ya ba Peco tun farko ya zama 11 da nema.

Kuma Ɗan Raga, ka lura salon kowa halinsa ne. Smile ba ya son murƙushe mutum, mayarwa yake yi yana jira, har ya sassauta wa Kong alhali yana gaba. Abin da yake jira shi ne Peco ya dawo yadda ya san shi tun suna yara. Ka sake kallon wasan Peco da zakaran nan Kazama, ka bi ƙafafun Peco da gwiwarsa mai ciwo, ka ga sau nawa bugun bayan nan ya hutar da shi zagaye.

Ɗan Raga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Kati, wace irin roba ta dace a bayan bat ga mai fara koyo?