Mutum-mutumin Shoulao na dutsen jed: ta ina ake gane tsohon aiki?

Tambayar ita ce: an kawo muku sassaƙen tsoho mai dogon goshi, riƙe da sanda, wato Shoulao, abin bautar tsawon rai a addinin Tao na ƙasar Sin, an yi shi da dutse mai daraja da ake kira jed, an ce aikin zamanin Sarki Qianlong na ƙarni na 18 ne. Me kuke fara dubawa?

Mai awon duwatsu: Sikeli tukuna, Malam. Auna shi a sarari. Ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin, ka mayar da shi sifili, ka rataya dutsen da zare ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ba. Raba nauyin farko da na biyu, amsar ce ke nuna irin dutsen. Jed iri biyu ne: nefrait na Hotan a yammacin Sin yana ba da kusan 2.95, jedait na ƙasar Bama 3.33, dutsen safentin kuwa, mai kama da jed amma ba shi ba, wajen 2.6. Inda ake kuskure shi ne kumfar iska da ke maƙalewa a lungun riga da gemu, sai lissafi ya sauka. A girgiza shi cikin ruwan.

Mai gyaran kayan tarihi: Gaskiya ne Alhaji, amma awo bai faɗin shekaru. Nefrait na Rasha da na lardin Qinghai a Sin nauyinsu ɗaya da na Hotan, kuma da su ake yin sabon aiki. Ni tsagin nake kallo da madubi mai ƙara girma sau 10. Masu sassaƙa na zamanin dā faifai suke juyawa da ƙafa, kamar keken ɗinki, suna zuba jiƙaƙƙen yashi, don haka layin gemu yakan yi siriri a baki biyu, ya yi zurfi a tsakiya, ƙyallinsa mai laushi kamar an shafa man shanu. Injin lantarki mai bakin daimon yana barin ƙananan ɓantarori a gefen tsagi. Ramin da aka huda ta ɓangare biyu sau da yawa bai haɗuwa daidai a tsaka. Wannan ɗan karkacewar abin so ne.

Dillaliya: Ku duba abin da ke hannunsa ma, domin kowane abin bautar Tao da alamarsa. Li Tieguai sandar ƙarfe da gora, He Xiangu furen bado, Liu Hai kwaɗo mai ƙafa uku da igiyar kuɗi. Guanyin, abar bautar jinƙai, kuwa asalinta ta addinin Buda ce. Jedait bai yawaita a Sin ba sai ƙarni na 18, in an ce na zamanin daular Ming ne, wadda ta gabaci wannan ƙarni, a yi hattara.

Mai gyaran kayan tarihi: Hajiya, ƙara da rini. Jan fatar dutse ta asali tana shiga jiki a hankali; ta rini tana taruwa cikin tsaga kamar jijiya. Wanki kuwa ruwan ɗumi, sabulu kaɗan da burushi mai laushi. Kada a shafa mai, ƙura yake tarawa.

Dillaliya: A nemi takardun inda ya fito. Tun 2007 Sin ta hana fitar da kayan da aka yi kafin 1911.